Tambaya da Amsa: Katako a Jikin Mota

Wannan makon wasiƙu huɗu na ware gefe guda, domin duk a kan abu ɗaya suke: katako a jikin mota. Na fi shekara 30 ina aikin bodi, kuma da zarto da guduma na fara kafin hannuna ya san walda, don haka tambayoyin sun sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a fannin injiniya, ina shekara ta biyu. Na ga hoton wata mota da aka ce da katako aka ƙera ta, abokaina suka ce ƙarya ce, katako ba zai jure nauyin inji da gudu ba. Da gaske ana yin mota da katako? In ana yi, me ya sa kamfanoni suka bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce wa abokanka su yi haƙuri su saurara. Mota daga cikin katako ta fito, ƙarfe daga baya ya zo ya gaje gidan. A 1886, da Gottlieb Daimler ya so gwada injinsa a kan ƙafa huɗu a Jamus, keken doki ya samo, na katako, ya ɗora masa injin. Masu ƙera keken doki su ne suka zama masu ƙera bodin mota na farko, kuma da aikin da suka gada suka ci gaba: a kafa ƙashin bodi da katako, sannan a rufe shi da fallen itace, ko fata, ko siririn ƙarfe da ake kama shi da ƙananan ƙusoshi. Model T ta Henry Ford, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, yawancinsu sandunan wilinsu na itacen hikori ne. Ford ya ci katako har sai da ya sayi daji fiye da eka 300,000 a arewacin jihar Mishigan ta Amurka a 1920, ya kafa injin yanka katako a garin Iron Mountain. Guntayen da suka rage ma bai zubar ba, gawayi aka mayar da su, kuma gawayin nan mai suna Kingsford har yau ana sayar da shi. Kamfanin Franklin kuwa, shi ma a Amurka, shasin motarsa kansa, wato ƙashin ƙasa da ke ɗauke da inji da bodi, da katakon wani itace mai suna ash yake yi har zuwa ƙarshen shekarun 1920, don katako yana shanye girgizar hanya fiye da ƙarfe.

Yanzu bari mu zo kan zancen ƙarfi, tunda kai ɗan lissafi ne. Ɗauki akwati wanda kowane gefensa mita 1 ne. In ka cika shi da ƙarfe zai yi kilo 7,850, in alminiyom ne kilo 2,700, in busasshen katakon ash ne wajen kilo 700, in kuwa katakon balsa ne wajen kilo 160. Ke nan ƙarfe ya ninka ash nauyi kusan sau 11. In kauri ɗaya ne, ƙarfe ya fi ash ƙin lanƙwasuwa kamar sau 17, wannan ba musu. Amma ga inda abokanka ba su duba ba: ƙin lanƙwasuwar falle ba daidai da kaurinsa yake hawa ba. In ka ninka kauri sau 2, taurin yana hawa sau 8 ne, wato 2 sau 2 sau 2. To in aka ba ka nauyi ɗaya na ƙarfe da na ash aka ce ka yi falle mai faɗi ɗaya, na ash zai fi kauri sau 11. Ka buga 11 sau 11 sau 11, ka samu 1,331, ka raba da 17, za ka tarar fallen katakon ya fi na ƙarfen ƙin lanƙwasuwa wajen sau 80. Ka zauna da biro ka yi wannan lissafin da kanka, don ranar da na fara gane shi ne na daina ganin katako a matsayin kayan marasa hali.

Sai dai katako yana da hali irin nasa, kuma duk wanda ya taɓa faskare ya san shi. Itace jijiyoyi ne da suka miƙe daga saiwa zuwa sama. Ka ja shi ta tsawon jijiya, ba za ka iya masa komai ba. Ka sa gatari tsakanin jijiyoyin, sai ya buɗe maka da sara ɗaya. Ƙarfe ba ruwansa da ta ina ka zo masa. Maganin da aka samo shi ne filawud: a fere itace siraran fallaye, a jera su ana gicciya jijiyar wannan a kan ta wancan, a liƙe da gam, a matse. Kowane falle yana rufe raunin maƙwabcinsa. Da wannan dabara kamfanin de Havilland na Ingila ya ƙera jirgin yaƙin nan Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, jikinsa balsa ne a tsakiya da filawud ciki da waje, kuma yana cikin jiragen da suka fi gudu a zamaninsa. Wani injiniya da ya yi aiki a wannan kamfani, Frank Costin, shi ne ya haɗa kai da Jem Marsh suka kafa kamfanin Marcos a 1959, suka riƙa yin motocin tsere masu shasin filawud da aka liƙa da gam. Jackie Stewart, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau 3, ya yi tsere da irin wannan mota a farkon tasowarsa. Marcos ba ta koma shasin ƙarfe ba sai 1969. Ko Chevrolet Corvette da aka fitar a 1997, daɓen da direba ke taka ƙafa a kai balsa ne aka sa tsakanin fallaye biyu na roba mai tauri.

Mai yiwuwa hoton da ka gani na motar Morgan ne, da ake ƙerawa a garin Malvern na Ingila. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna cewa shasinta katako ne. A'a. Shasin a da ƙarfe ne, yanzu alminiyom. Katakon ash ƙashin bodi ne da ake kafawa a kan shasin, a tsoma shi cikin maganin hana ruɓewa, sannan a lulluɓe shi da fallen alminiyom. Inji da giya da tayoyi duk a kan shasin suke zaune. An zaɓi ash ne don yana da sauƙin nauyi, yana jure bugu, kuma yana yarda a tanƙwara shi. Ka san an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu aikin katako sun samo hanyar dawo masa da ɗanyantaka na ɗan lokaci: a turara shi da tururin ruwa, wajen awa 1 ga kowane kaurin milimita 25, a lanƙwasa shi a kan ma'auni yana da zafi, in ya huce ya bushe sai ya zauna a haka.

To me ya sa aka bari? Ba don katako ya kasa ba ne, lokaci ne ya kore shi. Bodin katako yana son itacen da ya daɗe yana bushewa, da gaɓoɓi masu yawa da sai ƙwararren hannu ya sassaƙa ya haɗa, da gam da sukurori. Fenti ma matsala ne, domin ba a iya tura katako cikin tanda mai zafi, sai a shafa a jira ya sha iska, a sake shafawa, motoci su yi makonni suna layi. Edward Budd na birnin Filadelfiya a Amurka ya zo da manyan injinan matsa fallen ƙarfe: a sa falle, inji ya sauko sau ɗaya, ƙofa ta fito, ta dubu daidai da ta farko. A 1914 'yan'uwan Dodge suka fara sayar da mota mai bodin Budd na ƙarfe zalla, wanda ake gasa fentinsa a tanda a gama cikin yini. André Citroën ya kawo dabarar Faransa a 1924. General Motors ta ɗan jima tana riƙe da katako, amma kafin ƙarshen shekarun 1930 ita ma ta sallama. Abin da ya rage sai motocin iyali masu dogon baya da ake bar wa katako a fili don ado da aiki. A Amurka Buick ta 1953 ce ta ƙarshe mai katakon gaske, a Ingila kuwa Morris Minor Traveller ta kai 1971.

Zancen bai mutu ba. A 2016 Toyota ta nuna wata mota mai suna Setsuna a Milan, jikinta fallaye 86 na itacen sugi na Japan, an haɗa su da dabarar kafintocin ƙasar ba tare da ƙusa ba. Ta nuni ce, ba ta sayarwa ba. A 2018 masana a Jami'ar Meriland ƙarƙashin Liangbing Hu suka dafa itace cikin sinadari don cire wani ɓangare na ƙaron da ke riƙe jijiyoyinsa, suka matse shi da zafi har ya koma kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa, ƙarfinsa ya ninka fiye da sau 10. A 2019 kuma aka nuna wata mota a bajekolin Tokyo da aka yi sassan jikinta da zaren itace mai matuƙar siranta da aka cakuɗa da roba, aikin da Jami'ar Kyoto ta jagoranta. Ni a ganina ta wannan ƙofa itace zai dawo, a matsayin zare cikin fallen da inji zai iya matsawa, domin duk abin da inji bai iya fitar da shi dubu-dubu iri ɗaya ba, manyan kamfanoni ba za su waiwaye shi ba. In kana neman abin da za ka yi bincike a kai a shekarar ƙarshe, ga shi nan a gabanka.

Tambaya: Malam, ni kafinta ne. Ina da tsohuwar ƙaramar mota, injinta lafiya lau amma tsatsa ta cinye bodin. Ina so in yanke bodin in yi mata na katako mai kyau, in riƙa ɗaukar iyalina. Abin da nake tsoro shi ne gobara. Mece ce shawararka?

Amsa: Ɗan'uwa, na yaba da himmarka, amma don Allah kada ka yi, kuma ba gobara ce babban dalilina ba. Katako yana kamawa in zafi ya kai wajen digiri 300, amma mai kauri a hankali yake ci, ƙasa da milimita 1 a minti, gawayin da ya yi a waje yana kare na ciki. A gobarar mota fetur da soson kujeru da robobi su ne ke fara cin wuta, su ne kuma hayaƙinsu ke kisa.

Abin da nake tsoro biyu ne. Na ɗaya, kusan duk ƙananan motocin da aka ƙera cikin shekarun nan ba su da shasi daban. Bodin shi ne shasin. Rufi, da ginshiƙan ƙofofi, da daɓe, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofa, su ne suke riƙe inji da ƙafafu a wurarensu. Ranar da ka yanke su, motar ta zama kwando. Za ta tashi, za ta yi tafiya, amma tana murɗewa a kowane rami, kuma wata rana za ta rabu biyu.

Na biyu shi ne haɗari. Wani injiniya mai suna Béla Barényi ya yi rajistar wata dabara a farkon shekarun 1950, Mercedes ta fara amfani da ita sosai a 1959: a yi gaba da bayan mota yadda za su naɗe kamar gwangwani in an yi karo, a bar ɗakin fasinja da tauri. Naɗewar nan ita ke shanye ƙarfin bugun kafin ya iso jikin mutum. Ƙarfe yana lanƙwashewa yana ci gaba da riƙo. Katako yana jurewa, yana jurewa, sai kawai ya karye gaba ɗaya ya bar tsinin da zai iya soke na ciki. Kuma falanki biyu daga itace ɗaya ba lallai su karye a nauyi ɗaya ba, wani yana da ƙulli a ɓoye, wani jijiyarsa ta karkace. Ka tuna da bel ɗin kujera: a karo mai tsanani yana fizgar inda aka ɗaure shi da ƙarfin da ya haura nauyin tan guda. Noti a cikin katako zai tsaga shi ya fice, yaronka ya bi gilashi.

In hannunka na ƙaiƙayin wannan aiki, nemi tsohuwar a-kori-kura mai shasi daban, wadda shasin nata bai ci tsatsa ba. Ka bar ɗakin direba yadda yake da kujerunsa da bel ɗinsa, ka yi bayan kaya da katako yadda ranka yake so. Kafin ka hau titi da ita ka kai wa masu binciken lafiyar motoci su duba, domin sauya bodi abu ne da doka ke sa ido a kai.

Tambaya: Baba, motata tana da ado mai kama da katako a dashbod da ƙofofi, yanzu ya fara tsatstsagewa yana yin fari-fari. Katakon gaske ne? Kuma da me zan goge shi?

Amsa: 'Yata, a yawancin motoci roba ce aka buga mata zanen itace. Ki duba da kyau: in kika ga zane ɗaya yana maimaita kansa a wurare daban-daban, roba ce. Na gaske, irin wanda Bentley da Rolls-Royce suke sawa, fallen itace ne da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ana liƙa shi a kan wani abu mai tauri a rufe da banish mai kauri, kuma sukan jera fallaye biyu daga kututture ɗaya yadda zanen dama zai zama madubin na hagu. Ko wanne ne naki, abin da ya tsage rufin saman ne, kuma rana ce ta yi aikin. Ki riƙa sa makarin rana a gilashin gaba in kin ajiye motar, ki goge da tsumma mai laushi da ɗan danshi kawai. Kada fetur ko tina su kusance shi. In na gaske ne, mai aikin banish zai iya kankare tsohon ya shafa sabo, amma ki gargaɗe shi ya bi a hankali da sanfefa, don fallen ba shi da kaurin da zai jure gurza.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da babbar mota mai bodin katako. Wata 8 kacal da yin sabon bodi, notuna sun saki, bodin yana ƙara, wasu falankan daɓe sun yi baƙi sun yi laushi. An cuce ni ne, ko haka katako yake?

Amsa: Alhaji, ba haka katako yake ba. Daɓen manyan tireloli da na kwantenonin da ke yawo a teku har yau na katako ne, kuma suna shekaru ana hawa kansu da injin ɗaga kaya. Abin da ka kwatanta alamar ɗanyen katako ne.

Na san wannan ciwo tun ina yaron shago. An taɓa kawo mana falankai masu kyan gani, mai su ya rantse sun bushe, mai motar kuma yana gaggawa. Na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa ya yi yawa, na taɓa na ji sanyi, amma ban yi magana ba. Muka haɗa bodi, muka ɗaure notuna tamau. Rani ɗaya ya wuce motar ta dawo, ina iya juya washa da yatsa, tsakanin falankai kuwa hannun yaro zai shiga. Maigidana bai ce wa mai motar komai ba sai haƙuri, muka kwance bodin gaba ɗaya muka sake shi a kan kuɗinmu. Tun daga ranar ba na karɓar katako sai na gwada shi.

Ga abin da ya faru da naka. Itacen da aka sare yanzu, wani rabin nauyinsa ruwa ne. Yayin da yake bushewa yana tsukewa ta faɗi da kauri, tsawonsa kuwa kusan bai canzawa. Notin da aka ɗaure a kan falanki mai kauri sai ya wayi gari a kan wanda ya rame, ya saki. Da ya saki, kowane rami a hanya yana sa shi ya ci ramin da yake ciki ya faɗaɗa shi, ruwa ya sami wurin kwana. Ruɓewa kuwa naman gwari ne ke kawo ta, kuma ba ya samun wurin zama sai danshin katako ya haura kashi 20 cikin 100. Katakon da ya dace da bodi ya kamata ya sauko wajen kashi 12 zuwa 15. In iska ce za ta busar da shi, ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce wajen shekara 1 ga kowane kaurin milimita 25, a jere a inuwa da 'yan sanduna a tsakani. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna lamba. Duk mai babbar mota ya kamata ya nemi a gwada masa da ita a gabansa kafin a sa zarto.

Yanzu ka ɗauki sukundireba ka bi falankan ɗaya bayan ɗaya kana sokawa, musamman bakinsu inda aka yanke jijiya, da kewayen notuna, da inda katako ya kwanta a kan ƙarfen shasi. Duk inda ya shige ba wuya, wannan falankin ya tafi, a cire shi, fenti ba zai dawo da shi ba. Baƙin da ka gani a kewayen noti wani lokaci ba ruɓa ba ce, wasu itatuwa suna da ruwa mai ɗaci da ke cin ƙarfe in akwai danshi, don haka a canza notunan da waɗanda aka yi wa rufin tutiya, a sa manyan washa masu faɗi don kada kan noti ya nutse. Sababbin falankan a shafe su da maganin ruɓa da gara ta kowace fuska kafin a ɗaura, a ƙara yawansa a baki biyun, don ta nan katako ya fi shan ruwa. Tsakanin katako da shasi a shimfiɗa roba ko takarda mai kwalta. A bar 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 3 tsakanin falankai, ruwa ya sami hanyar fita, katakon kuma ya sami wurin kumbura da damina. Bayan wata guda da gyaran ka sa a bi notunan duka a ƙara ɗaure su, a sake bayan wata uku, daga nan kuma duk lokacin da za a yi juyen mai.